Gyauron Inna

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Inna ta riga mu. Ta cika wata Laraba da hantsi, bayan an gama girbin gero, a ɗakinta na ƙauyenmu da ke yankin Tibiri. Ba ta yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne da tari irin na tsufa, kafin in samo mota daga Dutsi, inda nake aiki, har an rufe mata ido. Yayar mahaifiyata ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye, don ni ƴar fari ce, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita nake kira Inna, ban taɓa kiran wata da wannan suna ba.

Mutane sun zo gaisuwa, ba zan yi ƙarya ba, gida ya cika. Amma na lura da inda kowa ya zauna. Tabarmin da na shimfiɗa a ƙofar ɗakinta ba kowa a kai, mata sun cunkushe can gindin dogon yaro suna fifita da gefen mayafi. Tsofaffi ne suka zo da waɗanda suka gama haihuwa. Amare da ƴan mata an bar su gida. Wata maƙwabciya ta yi kuskure ta zo da jikarta budurwa, da yarinyar ta miƙa hannu za ta sha ruwa a randar Inna sai ta buge mata hannu, moɗa ta faɗi ƙasa. A gabana aka yi, ko kunyar idona ba ta ji ba.

"Ta huta," in ji wata tsohuwa, "ita da abokiyar zamanta."

"Allah dai shi sa ba ta bar ma kowa gado ba," in ji ta kusa da ita, tana kallona ta wutsiyar ido.

Abokiyar zaman da suke nufi doguwa ce, wata iska ta bori. Tun Inna na budurwa aka ce doguwa ta kama mata mara, tana shan jininta duk wata, ta hana ta haihuwa. Aka ce kuma iskar tana tsallakawa ga wata mace ta ruwan sha, ko ta wurin kwana. Ni ce shaidarsu, don a ɗakin Inna na tashi, kuma ciwon da ya ci ta shi yake cina.

A waje, ƙanena na zaune da abokansa ƴan kasuwa masu wa'azi. Su ba su yarda da doguwa ba, sun ce aljani ne, kuma sai a dage da nema mata gafara saboda girkar bori da aka taɓa yi mata. Mahaifiyata kuwa ta iso daga ƙauyen aurenta, ta yi wa yayarta wanka, ta koma gefe ta zauna. Shekaru da yawa ke nan ba wanda ya ga su biyun sun ci tuwo a ƙwarya ɗaya.

Wallahi na gaji. Na gaji da hanya, na gaji da amsa gaisuwa, na gaji da ji ana jiƙan Inna da rabin baki. Nan na ƙudura a raina cewa kafin a tashi daga zaman makokin nan sai na miƙe gaban matan nan na gaya musu abin da wata likita ta gaya mani kan ciwon nan, sunan Inna ya fita daga bakin doguwa. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba, sunan nan kaɗai ya rage mata.

Inna gajeriya ce baƙa, mai ƙaramin ƙafa da babban baki. In Inna ta buɗe baki a bakin rijiya, guga ma sai ya tsaya. Mai awon hatsi ya taɓa danne mata tiya da yatsa, ta ce masa, "Yatsan naka ma na saye? To yanke shi ka zuba a buhu." Har yau in an ga mai awo yana wasa da hannu, maganarta ake maimaitawa. Tana da gamana, ƴar gonar da ake yanka wa mace, a bayan gari, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta noma ba, wai hannun aro ba ya ganin ciyawa. Daddawar yakuwa take yi ta sayarwa. Warin daddawar nan ya kama ɗakinmu da tufafinmu, har a lakwal, makarantar boko, yara na kirana ɗiyar mai daddawa, in na kai ƙara ta ce, "Ki ce masu miyar uwarsu da mi anka yi ta?"

Aure biyu ta yi, duka suka mutu ba ɗa. Ba ta taɓa zagin mazan ba. Takan ce, "Wanda ya shuka yana son ya ga tsiro, ba laifi nai ba ne." Girkar da iyayenta suka yi mata kuwa, in an tuna mata sai ta yi tsaki: "Anka yi kiɗa, anka yanka baƙar akuya, na ci nama. Naman nan kaɗai na gani."

Amma duk wata akwai kwanakin da bakin nan ke mutuwa. Ina yarinya ban san mene ne ba. Sai in ga ta tashi tana dafa bango, fuskarta ta yi toka. Da rana ta take, sai ta fita bayan ɗaki inda rairayi ya yi zafi, ta kwanta rub da ciki ta danna mararta a kai. Wani lokaci ta yi amai har ta rasa abin amayarwa. Ba ta kuka, sai wani gurnani can ƙasan maƙoshi. Ni kuma in zauna a inuwa ina korar kaji. Bayan ƴan kwanaki ta miƙe, ta ɗaure ɗamara, ta saɓa hauya kamar ba ita ba. In maƙwabta sun ce sannu, ta ce, "Sannu da mi? Barci na yi."

Ranar da nawa ya fara ban manta ba. Ban daɗe da fara ganin al'ada ba, ina daka, sai na ji kamar an soka mani kibiyar kitso a mara an murɗa. Taɓarya ta suɓuce. Inna ta fito ta tsaya a kaina, ta daɗe tana kallona, sai na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba. Ba ta ce raki nake ba, kamar yadda kowace uwa ke cewa. Ta goye ni, ƙatuwa da ni, ƙafafuna na jan ƙasa, ta kai ni amalanken jaki, muka tafi ɗakin shan magani. Aka ba ni ƙwayoyi aka ce in na yi aure na haihu zai wuce. A hanyar dawowa ta ce, "Ɗiyata, wanga ciwo gaskiya ne. Kowa ya ce maki ƙarya kike, turo mani shi."

Watanni kaɗan bayan haka mahaifiyata ta zo. Mace ce mai sanyi, mai kunya, ko sunana ba ta faɗi don ni ƴar fari ce. Amma ran nan ba ta ko shiga gida ba. Ta tsaya a ƙofa, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, ta ɗaga murya har unguwa ta taru.

"Yaya, amana na ba ki! Na ba ki riƙo, kinka ba ta doguwarki! Fito mani da ita!"

Na jira Inna ta buɗe bakin nan nata. Wallahi na jira. Matar da ba ta bar wa mai awo ba, ba ta bar wa mai gari ba, sai ta sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki ta ƙulle mani kayana a tsumma, ta sa ƙullin daddawa a ciki, ta miƙa mani ta ce, "Bi uwarki." Ina kuka ina tirjewa aka ja ni. Daga ranar ƴan mata suka daina shiga gidanta, cinikin daddawa ya ragu, sai tsofaffi. Ni kuma na riƙe mahaifiyata a zuci, riƙon da har na girma bai sake ni ba.

Raba ni da Inna bai raba ni da ciwo ba. Na yi karatu da shi, na zama malamar lakwal a Dutsi da shi, na yi aure da shi. Duk wata sai na bar yara a aji na je bayan ofis na durƙusa. Na sha jiƙo, na sha rubutu, na sha hayaƙi har idona ya yi ja. Haihuwar da aka ce za ta warkar da ni ba ta zo ba. Maigidana mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ce mani komai ba, kuma shirun nan nasa ma kaya ne a kaina. Shi ya matsa muka tafi asibiti a Yamai.

Likitar da ta duba ni mace ce, ba ta da gaggawa. Bayan hoto da gwaje-gwaje, da aikin da suka leƙa cikina, ta zaunar da ni ta ce sunan ciwon andometiriyoz. Ta ce a cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri duk wata tana jiran ciki, in bai zo ba ta zube, ita ce jinin al'ada. A jikin wasu mata, nama mai kama da wannan shimfiɗa yakan tsiro a waje, kan gidan ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji. Duk wata shi ma yana kumbura yana jini, amma ba shi da ƙofar fita.

Na ce, "To jiki bai iya share shi?"

Ta ce ai nan abin yake. Jiki na da ƙwayoyi masu gadi, aikinsu kwashe duk abin da ya zauna inda ba wurinsa ba. In sun ga wannan nama sai su taru a kansa, su riƙa sakin wasu sinadarai ƴan aike, ana ce musu sitokin, suna kiran ƴan uwansu a kawo ɗauki. Wannan kira shi ke kawo kumburi da zafi. Amma maimakon su kwashe naman, cikin abin da ake saki har da sinadaran da ke sa nama girma. Su ke sa a ja masa sababbin hanyoyin jini ya sha ya ƙoshi, a ja masa jijiyoyin jin zafi, a yi tabon da ke manne kayan ciki da juna, wani lokaci har ya tare hanyar haihuwa. Kumburi na ciyar da tsiron, tsiron na ƙara kumburi. Ta ce masana ba su gama gano abin da ke fara shi ba, amma ba a ɗaukarsa a ruwa ko a shimfiɗa. Sannan ta tambaye ni ko akwai mai irinsa a danginmu, don yakan bi dangi, ko da yake ba dole ba. Na ba ta labarin Inna. Ta ce ba za ta rantse kan wadda ba ta duba ba, amma ya yi kama ƙwarai.

Da na warke daga aikin, ban zame ko'ina ba sai ƙauye. Lokacin Inna ta tsufa, jini ya daɗe da ɗauke mata, ciwon ya lafa, mutane na cewa doguwa ta gaji da tsohon nama. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na kwashe bayanin likita kaf na gaya mata, ina ta rawar baki kamar wadda ta zo da albishir.

Ta saurara har na gama, ta ce, "Ashe gyauro ne."

Gyauro shi ne hatsin da ya zube lokacin girbi, ya tsiro da kansa inda ba a shuka shi ba, a bakin hanya ko gindin rumbu.

"Iri na gida ne," in ji ta, "wuri ne ba nashi ba. To su masu gadin, kinka ce sun zo korar shi sunka ɓuge da ba shi taki?"

Na ce haka likita ta ce.

Ta yi dariya har da tari. "An yi kururuwar ɓarawo, gari ya taru, anka dama mashi fura. Kai, jikin mutum ma da wawaye ciki!"

Na daɗe ban ga ta yi dariya irin wannan ba. Sai na ce, "Inna, ba ke kika shafa mani ba. Likita ta ce dangi yake bi. Zan tara matan garin nan in gaya musu."

Dariyar ta ɗauke. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, ta ce, "Kul. Ahir ɗinki." Na yi magiya, ta ce in tashi in duba mata tukunya. Na ɗauka gajiya ce ta tsufa, ba ta son a sake tayar da ƙura. Na bar maganar, amma ban haƙura ba.

A wannan zuwan ne ma ƙanena ya shigo da wani abokinsa, wai za su yi mata ruƙiyya a fitar da aljani, ta tuba kafin mutuwa. Ta bar su suka gama karatunsu, don ta ce Alƙur'ani ba a tare shi. Da suka shafa addu'a ta ce, "Allah shi biya. Amma ku da ƴan bori gardamarku ta suna ce kawai. Su sun ce doguwa, ku kun ce aljani, ni kuwa mara tawa ce." Ƙanena ya fita yana huci. Bayan kwana biyu ta aika masa da gyaɗa soyayya, don ta san tun yana yaro ita yake so.

Haka Inna take, kuma ita ce aka zauna gindin dogon yaro ana tsoron randarta.

Ranar da za a watse daga zaman makoki, da safe, mata suka taru sallama. Na gyara ɗaurin zanena na miƙe, na ce, "Iyayena, ina da magana kan Inna." Kafin in ƙara kalma sai na ji an kama mani hannu. Mahaifiyata ce. Ta ja ni bayan rumbu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke, mi za ki ce masu?"

Na ce gaskiya zan faɗa. Na ce ba doguwa ba ce, ciwo ne mai suna, kuma dangi yake bi. Abin da na riƙe shekara da shekaru ya taso mani, na ce, "Ke kika tsaya ƙofar nan kika tozarta ta. Ko bayan ranta ba za ki bari a wanke ta ba?"

Ta zauna a kan turmi. Ba ta kalle ni ba.

"Kin ɗauka sai likita ta gaya muna dangi yake bi? Uwarmu haka take. Duk wata ta ce ta tahi tsaron gona, ta kwanta cikin bukka, ni da Yaya muna kai mata ruwa a ɓoye. Da na Yaya ya fara, uwarmu da kanta ta kira ƴan bori, don a ce abin na mutum guda ne."

Na ce, "To ni fa?"

"Da naki ya fara, Yaya ta aiko in zo. Ita ta gaya mani abin da zan ce, da lokacin da zan ce shi, sa'ad da mata ke dawowa rijiya. Ta ce abin da anka shafa ma yarinya ana cewa za ta rabu da shi. Amma in anka ce cikin jinin gida yake, ba mai auren ki, ba mai auren ƙannenki. Ta ce ita ta riga ta yi suna, a ƙara mata."

Ta share hanci da gefen zane.

"Kin ɗauka ban son cin tuwo da yayata? Uwa guda, uba guda? Ranar kasuwar Tibiri muke haɗuwa bayan rumfar masu tukwane, mu gaisa a tsaye, kowa ta kama hanyarta."

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba. Na ce, "Yaran da ke tasowa fa? In ya kama wata, ita ma rairayi za ta kwanta?"

"Ki ɗauke ta ki kai Yamai, ki ce karatu. Amma ɗiyan ƙanenki mata ko guda ba ta yi aure ba. In kin buɗe baki yau, kin zubar da abin da ta ɗauka har kabari. Tashi mu koma, ana jiran ki."

Muka koma. Mata suka zuba mani ido. Tsohuwar nan ta ce, "Ɗiyata, mi kike son cewa?"

Na kalli mahaifiyata, na kalli ƙasa, na ce, "Godiya ce. Allah ya ba da lada. Wadda Inna ta ɓata wa ta yafe mata."

Aka ce an yafe. Aka ɗaga hannu. Wata daga baya ta ce, "Allah shi sa ta tahi da abinta." Matan suka amsa, kuma muryar da ta fi kowace ƙarfi wajen cewa amin ta mahaifiyata ce, hawaye na bin kumatunta.

Na dawo Dutsi, na koma aji, ina shan magungunan da aka ba ni, wani watan da sauƙi wani watan babu. Na rubuta wannan don kar a ce ba a yi Inna ba, mai daddawa, mai gamana a bayan gari, wadda ta goye ni ƙafafuna na jan ƙasa. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ya ba ta ƴaƴan da bai ba ta a duniya ba. Na so in sa sunanta da sunan ubanta da na garinmu, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Ɗiyan ƙanena sun iya karatu, surukan da za su zo ma haka, don haka ko a nan ban iya rubuta sunanta ba.